Yadda ake auna haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mai bugun zuciya mara tsari

Abokan aiki, musamman sabbin shiga, idan ka dafa jijiyar hannun mara lafiya ka ji bugun yana tuntuɓe, nan sauri can jinkiri, to a fara yi masa ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya, a tabbatar AF ce, wato ciwon bugun zuciya mara tsari da ake kira atrial fibrillation. Abin tsoron shi ne ɗakunan sama na zuciya karkarwa kawai suke yi ba sa matsewa, sai jini ya kwanta a wani ɗan aljihu na ɓangaren hagu ya daskare, ranar da gudan ya ɓalle kuwa sai ya je ya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewa yakan ninka kusan sau 5.

Na biyu, a yi hoton zuciya na eko a duba bawul, wato ƙofofin da jini ke bi a cikin zuciya. Mai bawul ɗin ƙarfe, ko wanda bawul ɗin mitral ɗinsa (wanda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu) ya tsuke sosai, ba a yi masa lissafin maki, maganin tsinka jini na warfarin ne kai tsaye.

Sauran kuma sai ka ɗauko biro ka ƙirga maki da ma'aunin CHA2DS2-VASc da ya fito a 2010. Gazawar zuciya 1, hawan jini 1 ko da magani ya saukar da shi, ciwon suga 1, ciwon jijiyoyin jini kamar toshewar na zuciya ko na ƙafa 1. Shekara 65 zuwa 74 maki 1, daga 75 maki 2. Mace 1, duk da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta cire wannan a 2024.

Wanda ya taɓa shanyewa maki 2 ne, kuma wallahi a nan aka fi yin asara. Ka ce "Baba, ka taɓa shanyewa?" zai ce a'a. Amma tambaye shi ko bakinsa ya taɓa karkacewa, ko kofi ya suɓuce masa a hannu, ko magana ta sarƙe na ƴan mintuna sannan ta dawo. Ka tambayi wanda ya rako shi ma, sau da yawa shi ya gani. Wannan ɗan gajeren ma maki 2 ne cif.

Namiji mai maki 2 ko mace mai 3 (idan an ƙirga mata makin mace), maganin tsinka jini ya kama, irin su apixaban ko rivaroxaban, ko warfarin da INR (gwajin saurin daskarewar jini) tsakanin 2 da 3. Namiji mai 1, ku zauna ku tattauna. Asfirin ba ya wadatarwa, don Allah a daina sallamar mutane da shi.

Kafin ka rubuta magani duba haɗarin zubar jini da ma'aunin HAS-BLED, ba don ka hana ba, don ka gyara abin da zai gyaru kamar hawan jini, giya da magungunan ciwon jiki. Ka rubuta makin a kati, duk shekara a sake ƙirgawa, mai 64 bana baɗi ya ƙara 1.