Fuska a jikin dutse: kurakuran masu kallon hotunan duniyar Mars

Da wuya mako ya wuce ba a miƙo mini waya ba a fadarmu ta shayi a nan Maradi, a nuna mini hoton da aka zagaye wani wuri a jikinsa da jan layi, ana cewa an gano fuskar mutum ko ƙofar gida a duniyar Mars. Kimiyya nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma na gaji da ganin matasa masu basira suna faɗawa cikin ramin da ni ma na taɓa faɗawa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne rashin tambayar girman abin da ake kallo. A watan Mayun 2022, motar bincike mai suna Curiosity, wadda ke yawo cikin kwarin Gale tun 2012, ta aiko da hoton wani buɗi mai kusurwa huɗu a jikin dutse, sak ƙofar zaure. Hoton ya zo mini ta WhatsApp da daddare, washegari na biya aka buga mini shi a babbar takarda, na shiga aji da shi na ce masana ma sun rasa bayaninsa, alhali ban karanta abin da ko masani ɗaya ya faɗa ba. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, wannan ƙofar tsawonta nawa ne?” Ba ni da amsa. Da na bincika sai na tarar tsawonta bai wuce santimita 30 ba, wato bai kai kamu ɗaya ba, kuma tsagewar dutse ce irin wadda ta cika wannan yanki. Kafin in dawo in warware maganata, yara sun riga sun kai ta gidajensu da sunana, har wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya ko gaskiya ne an ga gidajen mutane a sama. Na daɗe ina gyaran wannan ɓarna, domin ɗalibin da ya ga malaminsa ya faɗi abu ba bincike, sai ya riƙa shakkar har abin da ke daidai. Tun daga ranar ba na furta komai a kan hoto sai na san mita nawa ko santimita nawa ne abin. A Mars babu itace, babu jaki, babu mutum a tsaye da ido zai gwada girma da shi, shi ya sa tsakuwa take iya zama tsauni a idon mai kallo.

Kuskure na biyu, wanda ya girmi yawancin masu yaɗa hotunan nan, shi ne yanke hukunci da hoto ɗaya tak. Ranar 25 ga Yulin 1976 kumbon Viking 1 ya ɗauki hoton yankin Saidoniya, inda wani tudu mai tsawon kimanin kilomita 2 ya fito kamar fuska da idanu da baki. Rana ta yi ƙasa a lokacin, inuwa ta rufe rabin tudun, kowane ɗigo na hoton yana wakiltar fili mai faɗin kusan mita 50, sannan baƙin ɗigon da ya zama ƙofar hanci ba komai ba ne illa giɓin bayanan da suka ɓace a hanya kafin su iso duniyarmu. Kumbon Mars Global Surveyor ya sake ɗaukar wurin a 1998, ya kuma ɗauka a 2001 da kyamarar da ɗigonta bai kai mita 2 ba, sai ga tudu zaizayayye, ba ido ba baki. Duk wanda ya taɓa dawowa daga gona da almuru ya san yadda suri ko kututture ke zama mutum a tsugune, da gari ya waye kuma ya koma suri. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam an halicce ta da saurin gane fuska, ɗigo biyu da layi a ƙarƙashinsu sun ishe ta, kuma kama da wane ba wane ba ne. Ni dai al'adata ita ce in juya wayar ƙasa ta koma sama. Idan fuskar ta ɓace, to inuwa ce ta zana ta, sai in nemi hoton wurin da aka ɗauka a wani lokaci daban.

A nan ne wasu ke cewa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ɓoye gaskiya take yi. Haba jama'a! Hukumar da kuke zargi ita ce ta fitar da hoton 1976 da kanta, kuma kumbon Mars Express na Turai, wanda ba nata ba ne, ya ɗauki wannan tudu a 2006 ya samu abu ɗaya. Ba daidai ba ne mutum ya karɓi hoto dushi-dushi a matsayin hujja, sannan ya ƙi wanda ya fi shi fitowa sarai don kawai bai yi masa daɗi ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu ilimi a cikinmu da ke tura irin wannan ga ƙannensu ba tare da sun buɗe hoton asali ba, alhali hotunan motocin binciken a buɗe suke a intanet, kyauta, kowanne da ranarsa da sunan kyamarar da ta ɗauke shi.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Hoton da ya bi ta waya goma an matse shi, idan ka ƙara masa girma sai ƴan murabba'ai su bayyana kamar jerin bulo, kuma ba gini ba ne. Farin ɗigon da ya fito a kyamara ɗaya bai fito a ta kusa da ita ba, galibi burbushin haske ne daga sararin samaniya ya bugi na'urar. Dutse mai santsi da kaifin baki aikin iska da rairayi ne, irin sassaƙar da matafiya ke gani a hanyar Agadas.

Akwai kuma abin da da gaske ƙerarre ne, amma ba na wasu halittu ba. A 2022 motar Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero a Fabrairun 2021, ta ɗauki hoton wani ƙyalle mai sheƙi maƙale a tsakanin duwatsu, daga baya kuma wani abu kamar curin zare. Masu aikin sun danganta duka biyun da tarkacen kayan da suka sauko da motar, waɗanda iska ta watsa. A shekarar ne kuma ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, ya ɗauko hoton laimar saukar da murfin kumbon a fashe a ƙasa. Saboda haka idan aka nuna mini ƙarfe ko ƙyalle a hoton Mars, tambayata ta farko ita ce nisan wurin da inda kumbo ya sauka.