Yadda ake lissafin awannin tafiyar jirgi daga Yamai zuwa Jidda

Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda, in an miƙe hanya, wajen kilomita 4,000 ne. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 800 zuwa 850 a awa in ya gama hayewa sama. Raba 4,000 da 800, ka sami awa 5. Ƙara rabin awa na tashi da sauka, domin a nan jirgi ba ya sakin gudu. Awa biyar da rabi ke nan.

Sai dai jirgi ba kullum yake miƙewa ba. Hanyar da ta fi kusa ta ratsa Cadi da Sudan, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023 jirage ke kauce wa sararin samaniyarta. Saboda haka ka sa awa shida ko fiye a ranka.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, agogon garin da aka ambata ne. Saudiyya ta riga Nijar da awa 2. A ce tikiti ya nuna tashi ƙarfe 10 na dare, sauka ƙarfe 6 na safe. Ido zai ga awa 8, amma ƙarfe 6 na Jidda ƙarfe 4 ne a Yamai: awa 6 za ka yi a sama. A dawowa lissafin juyawa yake. Wanda ya baro Jidda ƙarfe 8 na safe ya sauka Yamai 12 na rana, awa 6 ya yi, ba 4 ba. Masu zuwa tarbar alhazai su riƙe lokacin saukar kamar yadda yake a tikiti, kada su ƙara masa kome.

Yada zango kuwa shi ke cinye yini. Ta Adis Ababa, zangon farko kaɗai ya kai kilomita 4,000, sannan akwai kusan 1,400 zuwa Jidda, ban da zaman jira. Kada ka karɓi tikitin da tazarar jiragensa biyu ta gaza awa 2: ɗan jinkiri a Yamai ya isa ka rasa jirgi na biyu, ko kai ka shiga, jakarka ta kwana. Ka kuma tambaya wurin awon kaya ko an ɗaura musu takardar Jidda kai tsaye.

Jinkirin nan yana da lokutansa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe gari har matuƙi ya kasa hango hanyar sauka. Da damina kuma hadarin marece ne, mai zuwa da guguwa, amma shi bai cika daɗewa ba.

Mai tasowa daga Tawa yana da nasa lissafin. A sama tsakaninta da Yamai bai kai kilomita 400 ba, amma a mota, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, wajen 550 ne, kusan tafiyar yini. Ana so ka isa filin jirgi awa 3 kafin tashi, da fasfo da katin rigakafin shawara a hannu, don haka ka shigo Yamai tun ana gobe tafiya.