Yadda Ake Haɗa Talotalon Takarda da Ƙananan Yara a Lokacin Bikin Godiya na Amurka

Duk uwar da ke da ɗa a ajin renon yara a Amurka ta san da zarar watan Nuwamba ya kama, jakar makaranta za ta fara dawowa gida da talotalo. Wani na takarda, wani na faranti, wani kuma shatin tafin hannu ne kawai aka yi wa baki da ƙafa. Dalilin shi ne bikin Godiya, wanda suke kira Thanksgiving, da ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mai da shi ranar ƙasa baki ɗaya a 1863, majalisar dokoki kuma ta tsayar da wannan Alhamis ɗin a doka a 1941. A Kanada tun Litinin ta biyu ta watan Oktoba suke yin nasu. Gasasshen talotalo ne babban abincin ranar, shi ya sa hotonsa ya mamaye azuzuwa.

Aikin ba shi da wuya, amma yawancin masu farawa wuri ɗaya suke faɗuwa, kuma ba wajen yanka ba ne. Danshi ne. Fenti ya yi yawa, gam ya yi yawa, ba a jira ya bushe ba, sai takarda ta jiƙe ta yamutse, launuka su cakuɗe su koma kalar taɓo, yaro ya sa kuka. In kin shawo kan danshi, sauran duk wasa ne.

Kayan aiki kaɗan ne: takarda mai launi (ja, rawaya, ruwan goro da ruwan ƙasa), farin kwali mai ɗan kauri, almakashin yara mai dakusasshen baki, fentin ruwa irin wanda ke fita da sabulu, burushi huɗu ko biyar, farin gam na kwalba da gam na sanda. Kada ki sayi kwalin nan da aka haɗa komai a ciki aka rubuta sunan bikin a kai. Kuɗin banza ne. Kantunan da ke sayar da kaya masu araha suna da duk waɗannan, kuma takarda mai ruwan ƙasa ma ba sai kin saya ba, jakar takarda ta cefane ta fi ta kyau da ƙarfi.

Talotalon tafin hannu

Wannan shi ne wanda kowa ya sani, kuma shi ne aka fi ɓatawa. Tafin hannu shi ne jikin tsuntsun, babban yatsa wuya da kai, sauran yatsu huɗu kuma jela.

Kafin ki kira yaron, ki gama shirya komai. Ki ninke tawul ki shimfiɗa a kan tebur, ki ɗora kwalin a kai. Tawul ɗin yana da aiki: tsakiyar tafin hannu rami ne, in kan katako mai tauri aka danna sai a samu farin gurbi a tsakiyar cikin talotalon. Laushin tawul ne ke tura kwalin ya shiga ramin. Takardar rubutu ta yau da kullum ba ta yi, tana shan fenti ta kumbura.

Kada a tsoma hannun yaro cikin fenti. Wannan ne kuskure na farko. Hannun da aka tsoma yana ɗauko fentin da ya ninka abin da ake bukata, da an danna sai ya fantsama gefe, yatsu su haɗe su zama dunƙule ɗaya. Da burushi ake shafawa, shafi ɗaya siriri, yadda za ki iya hango layukan tafin ta cikin fentin. Ki fara da ruwan ƙasa a tafi da babban yatsa, sannan ki bi yatsun, kowanne da launinsa da burushinsa. In burushi ɗaya kike wankewa tsakanin launi da launi, kafin ki kai ƙaramin yatsa tafin ya bushe, don fenti siriri ba ya daɗewa a kan fata mai ɗumi. Gaba ɗaya shafin kada ya wuce minti ɗaya. Ki bar ɗan fili tsakanin inda ruwan ƙasa ya tsaya da inda launin yatsa ya fara, in sun taɓa juna za su cakuɗe.

Sai dannawa. Ki riƙe wuyan hannun yaron da hannu ɗaya, ki ce ya buɗe yatsu sosai tun hannun yana sama, don in ya buɗe su bayan ya sauka a kan kwali ya riga ya goge. Ki sauke hannun a miƙe, ki danna bayan hannun, sannan ki bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kina dannawa. Ku ƙirga uku tare. Wajen ɗagawa ki danne kwalin da ɗaya hannun, ki ɗaga nasa sama tsaye, ba ja da baya ba. Yara suna son murza hannu kamar masu goge tebur, shi ya sa ba a sakin wuyan hannun sai an rabu da kwalin. Ki tanadi kwali uku ga kowane yaro. Na farko kusan kullum gwaji ne.

Hannun dama yana ba da talotalo mai kallon hagu, na hagu mai kallon dama. In an buga biyun a kwali ɗaya, manyan yatsu suna fuskantar juna, sai su fito kamar masu gaisawa.

Yanzu a ajiye. Minti ashirin zuwa talatin, har sai kin taɓa wurin da fenti ya fi kauri bai kama yatsanki ba. Nan ne haƙuri ke ƙarewa, sai a ɗauki alƙalami a ɗiga ido a kan ɗanyen fenti, bakin alƙalamin ya toshe, idon ya baje. Ki tafi da yaron wanke hannu, ki ba shi ɗan abin taɓawa, ku dawo. Bayan ya bushe a sa ɗigo baƙi a kan babban yatsa, ɗan baki mai kusurwa uku, ƙafafu biyu kowace da yatsu uku. Jar tsokar nan ta talotalo daga saman baki take fitowa ta zubo gefe ɗaya. Wanda ya taɓa kiwonsa ya san haka, amma da yawa sukan rataya ta a ƙarƙashin haɓa kawai, sai tsuntsun ya fito zakara.

Jariri da bai kai shekara ba, kada ki wahalar da kanki da hannunsa, dunƙulewa zai yi. Ƙafa ake amfani da ita. A shafa ruwan ƙasa a tafin ƙafa, a danna kwalin a jikin ƙafar yana zaune a cinya. Diddige ya zama kai, yatsu su kalli ƙasa.

In ba ki son harkar fenti sam, a zana gefen hannun da fensir a kan takarda mai launi. Fensirin ya tsaya cak, in ya karkata ciki yatsun za su fito sirara kamar tsinke. Ki haɗa takarda uku ki yanke lokaci guda, hannu shida sun isa jela mai kyau.

Talotalon faranti

Farantin takarda mai faɗin inci tara, wajen santimita 23, fari, mafi arha. Mai tsadan nan mai sheƙi ba ya karɓar fenti ko gam, komai zamewa yake yi a kansa. In shi kaɗai ke gida, juya bayansa ki yi aiki a can.

Ki yanka gashin jela guda bakwai daga takarda mai launi, tsawon kowanne santimita 15, faɗi 4, baki ɗaya mai tsini. Talotalon daji yana da kusan goma sha takwas, amma yaro ɗan shekara uku a na biyar ma ya gaji. Bakwai ko biyar, lamba mara, domin a kafa ɗaya a tsakiya tukuna, sannan a bi da biyu-biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Yaron da aka bari ya fara daga gefe zai tara su duka a ɓangare ɗaya.

Jela ake fara sawa, kuma ta bayan faranti. Wanda ya fara da ido da baki zai kifa farantin a kan ɗanyen gam, fuskar ta manne a tebur. Kowane gashi ya shiga bayan farantin da kamar santimita 3, in bai kai haka ba zai langaɓe.

Batun gam kuwa, kada ki miƙa wa ƙaramin yaro kwalba. Matsawa zai yi har sai ya ga kududdufi, don matsawar ce ke masa daɗi. Ki zuba kaɗan a murfin kwalba, ki ba shi tsinken audugar goge kunne ya riƙa ɗiba. Ɗigo kamar ƙwayar wake ya ishi gashi ɗaya. Takarda da takarda, gam na sanda ya fi, ba ya jiƙa komai. Amma shi iyakarsa ke nan, ba ya riƙe ganye, ba ya riƙe gashin tsuntsu, ba ya riƙe maɓalli. Farin gam yana kamawa cikin kusan rabin awa, bushewarsa sosai kuwa sai ya kwana. Ga yaron da komai baki yake kaiwa, a dama fulawa cokali ɗaya a ruwa cokali biyar, a dafa har ya yi kaurin koko, a bari ya huce. Yana riƙe takarda, sai dai ya fi kowanne danshi, kuma ragowarsa ba ta ajiyuwa, kwana kaɗan take yin funfuna.

Jikin tsuntsun a yanke shi da siffar gora, ƙasa mai faɗi, sama ƙarami, tsawon santimita 12, a manna a tsakiyar gaban farantin. Baki: yanki mai kusurwa huɗu, a ninke shi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, a manna rabin ƙasa kawai, sai ya riƙa buɗewa.

Idanun roba masu motsi suna da kyau, amma ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne. A Amurka ana gwada kayan wasan wannan shekarun da wani bututu mai faɗin inci ɗaya da kwata, duk abin da ya shige ciki ana ɗaukarsa mai iya shaƙe yaro. A gida kwalin tsakiyar tishu ya isa gwaji, ya ma ɗan fi faɗi. Farar takarda da ɗigon alƙalami sun wadatar.

A makarantu da yawa ana rubuta abin da yaro ke godiya a kai a jikin kowane gashi: uwa, kaka, abinci, kyanwa. A rubuta kafin a manna. Kuma a rubuta abin da ya faɗa da bakinsa, ko da alewa ce.

Wani abu da ya kamata baƙo a ƙasar ya sani: ragowar gashin nan kada a yi wa yaro hular gashin tsuntsu da shi don ya kwaikwayi 'yan asalin ƙasar. Da can ana yi, ana alaƙanta shi da liyafar 1621 a Plymouth tsakanin Turawan Ingila da mutanen Wampanoag. Yanzu makarantu da dama sun daina, domin 'yan asalin suna ganinsa raini ne ga abin da suke girmamawa.

Jela da ganyen kaka

Maimakon takarda, ana iya yin jelar da ganyen da ke zuba a wannan lokaci, ja da rawaya, kyauta a bakin titi. A tsinci wanda bai daɗe da faɗowa ba, mai lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Wanda ya yi ƙaras zai dagargaje a hannun yaro, ɗanye sharaf kuma zai nannaɗe bayan kwana biyu ya ɓalle daga gam. A jera su tsakanin shafukan jarida, a ɗora littattafai masu nauyi, kwana uku zuwa mako ɗaya. A gutsire karan ganyen, shi ke hana shi kwanciya. Farin gam a kan kwali ake shafawa, ba a kan ganye ba, a kwantar, a sake danne shi da littafi na awa ɗaya.

A kula da wata shuka mai yaɗo da ganyenta ke zuwa uku-uku a kara ɗaya. A kaka takan yi ja mai ɗaukar ido, yara na sonta, amma taɓa ta na jawo ƙuraje masu ƙaiƙayi ƙwarai. Ganyen manyan bishiyoyi kawai za a ɗauka.

Masu tsayuwa a kan tebur

Kwalin tsakiyar tishu, a naɗe shi da takarda ruwan ƙasa, fuska a gaba, jela a baya. Matsalarsa ɗaya ce, nauyin jela na kayar da shi ta baya. Ki sauko da gindin jelar ya taɓa tebur daidai da gindin kwalin, ya zama kamar ƙafa ta uku, ko ki manna kwabo biyu ta ciki a ɓangaren gaba da salatif.

Akwai kuma na busassun 'ya'yan itacen fayin (pine cones a Turance), masu ɓawo hawa-hawa. In a waje aka tsinto su, babba ya gasa su a tanda mai zafin digiri 95 na Salshiyas na rabin awa, yana dubawa, don ƙwari su mutu, danƙon jikinsu ya bushe, su kuma buɗe. Bayan sun huce a kwantar da ɗaya a gefensa, a tsoma gindin gashin tsuntsu a gam a cusa tsakanin ɓawon ta ɓangaren mai faɗi, a yi kai da ƙullin wasan yara a liƙa a tsinin. Gashin da ake sayarwa rinanne ne, yana zuba in ya jiƙe, don haka gam kaɗan. Gam mai zafi na bindiga ya fi riƙewa nan take, amma yana ƙona fata, babba ne kaɗai zai taɓa shi.

Kowanne aka gama, a juya baya a rubuta sunan yaron da shekarar. Na ganye ba ya wuce 'yan makonni launinsa ya dushe, a ɗauki hotonsa tun yana sabo. Na tafin hannu shi ake ajiyewa, a kwance cikin ambulan, nesa da rana.