Yadda zaka hana ma'aikata ganin layin da ba nasu ba a Request Tracker

In kaine admin a Request Tracker (RT) ɗin ofishinku, wato manhajar da ke mayar da kowane koke tikiti ta ajiye shi a layi (queue) na sashen da zai duba shi, kuma ka lura ƴan gyaran kwamfuta suna ganin tikitin ƴan akawu, to ga gyaran.

Da farko ka shiga Admin, sai Global, sai Group Rights, ka duba Everyone (kowa da kowa) da Privileged (ma'aikatan da za'a iya bawa izini). Yawanci matsalar anan take, wani ya basu SeeQueue da ShowTicket tun ranar da aka girka manhajar, kuma duk izinin da aka bayar anan yana aiki akan kowane layi ne, komai ka gyara a ƙasa ba zai hana su gani ba. Cire musu SeeQueue da ShowTicket ɗin.

Na biyu, buɗe rukuni a Groups ka zuba mutanen sashen da ke da layin a ciki. Don Allah karka riƙa bawa mutum ɗaiɗai izini, ranar da ya bar aiki ko aka canza masa sashe zaka sha wahalar bin sawu.

Sai ka koma Queues, zaɓi layin, danna Group Rights, ka bawa rukunin SeeQueue don su ga layin, ShowTicket don su karanta tikiti, da ReplyToTicket da OwnTicket da ModifyTicket don su amsa, su riƙe tikitin, su kuma gyara shi.

In mutanen waje suna turo koke ta imel, bar wa Everyone CreateTicket akan wannan layin, Requestor (wanda ya turo koken) kuma ShowTicket da ReplyToTicket.

Ƙarshe kayi login da asusun gwaji na wani sashen ka tabbatar layin baya fito masa.