Yadda za ka gane inda kalmar "get" ta dosa

Duk mai koyon Turanci sai ya yi karo da get, babu makawa. Harafi uku ce kacal, amma in ka buɗe ƙamus irin na Oxford ko Cambridge za ka ga ma'anoninta sun jeru har sai idonka ya gaji. Ni abin da nake gaya wa ƙannena masu shirin WAEC da NECO a nan Jos shi ne, kar ku zauna haddar ma'anonin nan ɗaya bayan ɗaya, wahala ce kawai. Ku dinga duba kalmar da ta biyo bayan get, ita ce za ta gaya muku inda aka dosa. Ai mu ma muna da irinta, wato "ci". Cin tuwo daban, cin jarrabawa daban, ga cin bashi, ga cin amana, kuma ba Bahaushen da yake ruɗewa don ya san abin da ya biyo baya ne ke fayyace zance. To haka get take.

Idan sunan wani abu ne ya biyo, yawanci samu ne ko karɓa ko sayowa ko ɗaukowa. I got a job, na samu aiki. I got your message, saƙonka ya iso ni. In abokinka ya ga rigar sanyin da ka sayo a gwanjon Taminus ya ce where did you get this jacket, tambaya yake a ina ka samo ta. Get me some water kuma ɗebo min ruwa ne, amma ka haɗa da please in ba ƙaninka kake aika ba. Rashin lafiya ma nan take shiga, mu muna cewa zazzaɓi ya kama ni, su kuma su ce I got malaria. Sai I don't get it, wato ban gane ba, wannan kam za ka ji ta kullum a aji.

Idan kuma siffa ce ta biyo, to maganar canji ake, abu ya tashi daga wani hali yana shiga wani. Watan Disamba in hunturu ya fara busawa mutumin Jos ba ya bukatar a fassara masa it is getting cold, sanyi ya fara shigowa kenan. It is getting dark, duhu ya fara. She is getting better, tana samun sauƙi. Ka lura da bambancin nan sosai don yana da amfani, I am tired na riga na gaji ne, I am getting tired kuma gajiyar ce ta fara kama ni ban kai ga galabaita ba tukunna. Haka get married, yin aure, kuma married to ake cewa, she got married to a teacher, ba with ba, duk da a Hausa "da" muke sawa shi ya sa bakinmu ke karkata can. I got lost na ɓace ne a hanya, amma don Allah kar ka ce wa mutum get lost, wannan ɓace min da gani ne, faɗa za ka jawo.

In wuri ya biyo, isa ake nufi. I got to Bukuru at 4. How do I get to Farin Gada? Sai dai home da here da there ba sa ɗaukar to, I got home late ake cewa, shikenan.

Yanzu ga inda ya fi damuna, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Mu da muka taso a Jos kunnenmu ya cika da Pidgin tun muna yara, a kasuwa, a tasha, a filin ƙwallo, kuma a Pidgin get tana nufin mallaka. I get money, ina da kuɗi. I no get change, ba ni da canji. E get one man, akwai wani mutum. Pidgin yare ne mai zaman kansa da ƙa'idarsa, ba abin kunya ba ne, da shi muke ciniki da maƙwabtanmu. Matsalar ita ce in ka ɗauko waccan get ɗin ka kawo ta cikin Turancin makaranta ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Ka ɗauka saurayi ya je intabiyu, ya goge takalmi, ya riƙo fayil ɗinsa, aka ce ya faɗi karatun da ya yi sai ya ce I get diploma in accounting. Takardarsa lafiya lau, ya san aikinsa, amma jimlar nan ɗaya ta sa masu tambayar sun fara yi masa wani kallo, wallahi abin yana min ciwo don gyaran bai fi minti ɗaya ba. I have a diploma zai ce, ko I have got a diploma. A Turancin makaranta in ka ce I get money every month, kana nufin kuɗi na shigo maka duk wata, ba wai suna aljihunka yanzu ba.

Kuma have got ɗin nan kar got ta ruɗe ka ka ɗauka abin da ya wuce ne. I've got two brothers, ina da 'yan'uwa maza biyu, yanzu. I got a phone yesterday kuwa jiya na samu waya. In aka ƙara to ya zama dole, I've got to go, dole in tafi.

Maganar abin hawa, abin da za ka iya miƙewa tsaye ka yi tafiya a cikinsa kamar babbar bas ko jirgin ƙasa ko jirgin sama, da abin da ake hawa a bisa kamar babur ko keken hawa ko doki, get on da get off ne. Ƙaramar mota da tasi kuwa da sai ka sunkuya, get in da get out of. A Keke Napep in ka ce I want to drop direba zai tsaya maka don duk mun saba, amma a rubutu ko gaban baƙo ka ce I will get out here.

Akwai wani gini da mutane da yawa ba sa amfani da shi alhali kullum muna bukatarsa. Gilashin wayarka ya fashe, ka kai wa mai gyara ya canza, ka biya. In ka ce I repaired my phone ka ce kai ka gyara da hannunka. I got my phone repaired shi ne na kai an gyara min. Tsarin shi ne get, sai abin, sai aikatau a siga ta uku, wato irin repaired ɗin nan. I got my hair cut, an yi min aski. I got my clothes washed, na bayar an wanke min kaya. In mutum ka sa ya yi, sai to ta shigo, I got my brother to help me.

Sauran 'yan haɗe-haɗen da sannu za ka tsince su, get up tashi, get back dawowa, get over warkewa daga ciwo ko baƙin ciki, get along with zaman lafiya da mutum, get away with yin laifi a sha ba hukunci.

Sigoginta get, got, got a Turancin Ingila. 'Yan Amurka ne ke cewa gotten, kuma ta shigo bakinmu sosai ta finafinai, have you gotten it. Ba laifi ba ce a hira, amma tunda makarantunmu tsarin Ingila suka fi bi, a jarrabawa ka tsaya kan got. Getting kuma t biyu ce, ana yawan mantawa. Sannan in wasiƙar neman aiki kake rubutawa ko insha'i, rage get ɗin, sa receive ko obtain ko arrive ko become, gwargwadon abin da kake nufi.

Yadda za ka gwada kanka, yau da daddare ɗauki biro ka rubuta yadda ka wuni daga asuba, jimla 10, kowacce da get a ciki. I got up at 5, I got dressed, I got to the shop late, haka har ka kai ƙarshe. Sai ka koma kan kowace jimla ka ja layi ƙarƙashin kalmar da ta biyo bayan get, ka rubuta Hausarta a gefe. Duk inda ka ga Hausar ta fito "ina da", goge get ɗin ka sa have.