Yawon Buɗe Ido a Maroko Kafin a Shiga Aji: Kurakuran da Ɗalibanmu Suka Fi Yi

Duk shekara idan damina ta yi nisa, za ka ga samari da 'yan mata daga Tawa da Yamai suna haɗa takardun tafiya karatu Maroko, wasu na shekaru, wasu na zango ɗaya kacal. A 'yan shekarun nan da yawansu suna son su riga buɗe makaranta da mako biyu ko uku, su goya jaka su zaga ƙasar kafin karatu ya ɗaure su. Ina goyon bayan wannan ƙwarai. Ba'adare ba a koya masa tafiya, kuma ɗalibin da ya ga Fas da Tanja da idonsa ya fi wanda ya ƙare zangonsa tsakanin ɗaki da aji fahimtar mutanen da zai zauna da su. Sai dai kwanakin yawon da kuɗinsa daga rabon karatu suke fita, kuma yawancin kurakuran da ake yi daga manta wannan suke tasowa.

Babban cikinsu shi ne lissafin kwanaki. Mai fasfon Nijar yana iya zama a Maroko har kwana 90 a matsayin baƙo, kuma wanda zai wuce haka dole ya nemi katin zama wajen 'yan sanda kafin wa'adin ya cika. Zangon karatu ɗaya ya wuce kwana 90. Ƙidayar tana farawa ne ranar da aka buga maka hatimi a filin jirgin Muhammad na Biyar da ke Kasabalanka, ba ranar da ka shiga aji ba. Wanda ya yi mako uku yana yawo ya riga ya cinye kwana 21, ga shi katin zaman yana buƙatar takardar rajistar makaranta, da shaidar wurin kwana, da shaidar abin da za ka ci, kuma kowace daga cikinsu tana da nata layi da nata "ka dawo gobe". Gyaran ba wuya: ka fara sauka garin da makarantarka take, ka yi rajista idan an buɗe, ka samu ɗaki, ka tambayi ƙungiyar ɗaliban Nijar na garin abin da 'yan sandan wurin suke nema a bana, sannan ka ɗauki hanya. Idan ofishin makaranta na rufe don hutun Agusta, to ka rage yawon, ka dawo da wuri. Tun kana Yamai kuma ka leƙa ofishin jakadancin Maroko ka ji sharuɗɗan shiga na lokacin, domin sukan canza, kuma labarin wanda ya tafi bara ba hujja ba ne a gaban jami'in filin jirgi.

Akwai wani ƙaramin abu da ke haɗe da wannan. Takardar kotu mai nuna ba a taɓa hukunta ka ba, wata uku take yi ta mutu. Ɗalibi ya karɓe ta a Tawa tun watan Yuni don zumuɗi, ya yi ta jiran tikiti, ya yi yawonsa, ranar da zai miƙa dosiyen neman katin zama a ce masa ta tsufa. Ka karɓe ta dab da tafiya.

Sai kaya. Kuskuren da ke ba ni tausayi shi ne ganin yaro yana jan akwatin zango guda cikin lungunan Fas, inda mota ba ta shiga, alfadari da amalanke ne ke dakon kaya. Akwatin ya zauna a garin makaranta wajen ɗan'uwa amintacce, kai kuma ka fita da jakar goyo mai ɗaukar kayan sawa kala uku, da rigar sanyi, da darduma mara nauyi, da caja. Takardunka na asali, wato shaidar bak ta kammala sakandare, da takardun maki, da takardar haihuwa, su ma su zauna cikin akwatin. Abin da zai bi ka shi ne fasfo, da kwafin takardar karɓarka a makaranta, da hotunan duka a waya da kuma cikin imel. Fasfon da ya ɓace ana iya neman mafita a ofishin jakadancinmu da ke Rabat, amma shaidar bak da ruwa ya jiƙa a Shafshawan sai an koma Yamai.

Tun a tashar Tawa ma ake fara ɗora wa ɗalibi nauyi. Za ka ga dattijuwa ta zo da ƙunshi a leda, an naɗe shi da salatif kamar ba za a sake buɗewa ba, ta ce, "Ɗana, ga ɗan saƙo ka kai wa yayanka, yana can wajenku." Kunya ta hana ka magana. Amsar da ta dace ita ce, "To Inna, Allah ya kai mu lafiya, amma a buɗe in gani, don can za a tambaye ni abin da ke ciki." Wanda ya ba ka saƙo da zuciya ɗaya ba zai ji haushin wannan ba. Magunguna marasa takardar likita da garin da ba ka san ko na mene ne ba, kada su shiga jakarka ko na wane ne. Kilishi ma, duk da daɗinsa a baƙon wuri, nama ne, kuma kwastan na iya karɓe shi.

Maganar kuɗi tana son a tsaya a kanta. Sefa ba ta da kasuwa a wuraren canji na Maroko, don haka ka canza zuwa yuro tun a Yamai. Farashin yuro ɗaya a tsaye yake, sefa 656 in an cike, shi kuma yuro yakan ba da dirhami goma da ɗan wani abu, ka ga dirhami ɗaya ya kama wajen sefa 60 ke nan. Nan ne kunnenmu ke yaudararmu. Mun saba ƙirga da dala, idan aka ce ashirin sai ranka ya ba ka sefa 100, alhali dirhami 20 ya kai sefa 1,200, dirhami 100 kuwa jaka shida ne cur. Su ma 'yan kasuwar Maroko da yawa suna da irin dalarsu, riyal suke ce mata, riyal 20 ne dirhami ɗaya. Mai tumatir ya ce maka riyal ɗari, dirhami biyar yake nufi. In ka rikice, miƙa masa waya ya rubuta lambar da dirhami. Kada ka canza kuɗinka duka a filin jirgi, kuma ka adana rasit ɗin canji, domin dirhami ba kuɗin da ake fita da shi da yawa ba ne, kuma za a iya neman rasit ɗin ranar da kake son mayar da ragowarsa zuwa yuro. Katin bankinka kuma ka tambaya tun a gida ko yana aiki a wajen ƙasashen sefa, da yawa sai an buɗe su.

Mafi muni shi ne taɓa kuɗin zama. Mai gida zai nemi hayar wata da kuɗin ajiya kafin ya ba ka makulli, ga katifa, ga bargo, ga tukunyar gas, ga kuɗin hatimi da hotuna. Tallafin karatu kuma, ko na gida ko na can, ba a gina shirin watan farko a kansa, don yakan yi jinkiri. Ka ware kuɗin wata biyu na zama ka bar su tare da akwati. Abin da ya saura shi ne kuɗin yawo, ko da kwana biyar kawai zai kai ka.

Wajen tsara hanya, ɗalibanmu sukan kalli taswira su ga Maroko ba ta kai Nijar girma ba, sai su jera gari bakwai cikin kwana goma. Taswira ba ta nuna duwatsun Atlas. Tsakanin manyan garuruwa jirgin ƙasa na ONCF yana da sauƙi: Kasabalanka zuwa Rabat wajen awa ɗaya, zuwa Marakesh wajen awa uku, zuwa Fas kusan huɗu. Jirgi mai gudu na Al Boraq da aka buɗe a 2018 yana haɗa Tanja da Kasabalanka cikin awa biyu da 'yan mintoci, kuma tikitinsa ya fi araha idan an saya da wuri. Amma layin dogo a Marakesh ya tsaya ta kudu. Agadir, da Sawira, da Shafshawan, da Marzuga duk sai mota, irin su CTM da Supratours, kuma daga Marakesh zuwa Marzuga wuni guda ne a zaune, ya fi Tawa zuwa Yamai gajiyarwa saboda hawa da gangara. Shawarata ita ce gari uku, kowanne kwana uku. Kuma ɗan Nijar ya fifita abin da babu a gida: teku a Tanja ko Sawira, itatuwan al'ul a kewayen Ifran, tsofaffin makarantun Fas. Rairayi da raƙuma muna da su, ba sai an kashe musu kuɗin haya ba. Wanda ke sha'awar hawa dutsen Tubkal mai tsayin mita 4,167 ya sani ba a hawansa sai da ɗan jagora mai izini, kuma ba da silifa ba. Wanda kuma ke tunanin tsallakawa Aljeriya ta Wujda ya gaida abokai ya ajiye tunanin, iyakar ƙasa a rufe take tun 1994.

A cikin gari ƙananan tasi suna da mita, ja ne a Kasabalanka da Fas, shuɗi a Rabat. Ka ce a kunna mita kafin mota ta motsa.

Sanyi ma ana raina shi. Mun ɗauka wanda ya sha hunturun Tawa ya gama sanin sanyi. Namu busasshe ne, rana na fitowa ya sake ka. Nasu da ruwan sama yake zuwa daga wajen Nuwamba, ɗakuna da yawa ba abin ɗumama su, kaya ba sa bushewa, a Ifran ƙanƙara ce ke sauka. Mai zuwa zangon da ke farawa wajen Fabrairu, shi ne zai yi yawonsa cikin tsakiyar wannan sanyi, don haka ya sayi babbar riga da takalmi rufaffe a garin farko da ya sauka, a can sun fi araha kuma sun fi dacewa.

Yanzu ga maganar da ba a so a faɗa wa iyaye, amma dole ɗalibi ya ji. A arewacin ƙasar, wajen Tanja da Nador da garuruwan da ke dab da Sabta da Malila, birane biyu da ke hannun Sifaniya, jami'an tsaro suna sa ido sosai kan masu neman tsallakawa Turai, kuma baƙar fata mai jakar goyo yana iya shiga cikin waɗanda za a tare. Kada ka fita ko sayen burodi ba fasfo da takardar makaranta a jikinka. Idan an tare ka, ka yi sallama, ka nuna takardu, ka faɗi sunan makarantarka, ban da ɗaga murya. Kada ka kwana gidan wanda ka haɗu da shi a tasha don ya yi maka Hausa ko Zabarmanci, ba ka san wa ke kwana a gidan ba ko me ake shiryawa. Ƙananan masaukai masu rajista sun fi aminci. Za su ba ka fom ka cike, su nemi lambar da aka rubuta maka a fasfo ranar shigowa, saboda haka ka san inda take. A Shafshawan da kewayen duwatsun Rif za a yi ta yi maka tayin wiwi a hanya. Haramun ce a dokar ƙasar ga mai sha, kuma ɗalibin da aka kama ya yi asarar karatunsa.

Fas kuwa, kusan duk ɗan gidan Tijjaniyya da ita yake fara mafarki, kuma iyaye sukan ce kada ka shiga aji sai ka kai ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815. Ka je, ka kuma ga masallacin Alƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859. Za ka ji kamar a gida kake, Malikiyya ce, karatun Warshu ne a masallatai. Kuskuren shi ne sakin jiki har a manta cewa gari ne na 'yan yawon buɗe ido. Kana shiga ta ƙofar Bab Bujlud wani saurayi zai matso da fara'a, ya ce, "Tijani? Zawiya? Zo in kai ka, hanyar can a rufe take." Hanyar ba a rufe take ba. Zai bi da kai shagon fata da na turare, a ƙarshe ya tsaya a gabanka yana neman lada. Ka ce masa "La, shukran" kana tafiya, in ka ɓace ka tambayi mai shago da ke zaune cikin shagonsa, ko ka bi ayarin 'yan Senegal da 'yan Najeriya da ba sa yankewa a hanyar. Ka kuma lura masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, sai ka daidaita zuwanka da lokacin salla. Faransanci zai fisshe ka a tasha da ofis, amma gaisuwa da ƙirga cikin Darija, Larabcin mutanen ƙasar, suna sauko da farashi kuma suna buɗe fuska.

Ga 'yan'uwa mata, ku tafi biyu ko uku, ku zaɓi ɗakin mata zalla a masauki, ku tsara tafiya yadda za ku isa sabon gari da rana.

Kowa kuma ya sayi layin waya na ƙasar tun ranar farko, Maroc Telecom ko Orange ko Inwi, da fasfo ake saye. Ka tura wa mutum ɗaya a gida da mutum ɗaya a garin makaranta sunan masaukinka duk daren da ka canza wuri. Agogonsu ɗaya ne da namu, sai cikin azumi da suke mayar da shi baya da awa guda. Lambar 'yan sanda 19 ce a cikin gari, ta jandarma 177 a ƙauyuka da kan hanya, ta motar asibiti 15. Ka rubuta su a takarda tare da lambar shugaban ɗaliban Nijar na garinku, ka sa cikin fasfo, domin waya takan mutu.