Buroshin haƙori mai pil: yadda ake riƙonshi ya fidda datti da gaske

Tunda buroshin nan mai aiki da pil ya fara shigowa farmasi da manyan butik nan Yamai ake ta tambaya wai da gaske ya fi na hannu ko dai yayi ne kawai. Ya fi kam, amma sai in ka iya riƙonshi, dan na sha ganin mutum ya sayeshi da kuɗinshi yana dirzar baki da shi kamar mai wankin tukunya, ni abin yana damuna wallahi.

Ka fara sanin abin da kake yaƙi da shi. Da safe kafin ka wanke baki ka sa farce ka kankari gindin haƙori wajen dasashi, za ka ga wani farin abu mai laushi mai danƙo ya fito. To wannan ba sauran tuwo ba ne, tarin ƙwayoyin cuta ne da suka manne, su ke cin sukarin shayin da muke sha a fada su saki tsami mai cin haƙori, su ne kuma ke sa dasashi kumburi da jini. In ya kwana biyu ba a fidda shi ba sai ya daskare ya zama kamar dutse, in ya kai nan kuma babu buroshin da zai cire shi sai likitan haƙori ya kankare.

A 2014 masu bincike na Cochrane, wata ƙungiyar duniya mai tace binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwaje 56 da aka yi kan mutum sama da 5,000, suka ga bayan wata 3 ana amfani da buroshi mai inji dattin nan ya ragu da kashi 21 cikin 100 fiye da na hannu, kumburin dasashi kuma da kashi 11. Irin mai ɗan zagayayyen kai da ke juyawa dama da hagu, kamar na Oral-B, shi ya fi samun hujja.

Yanzu riƙon. Ka sa man goge haƙori mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) kaɗan, ka kai buroshin cikin baki tukun sannan ka kunna, in ba haka ba duk ya fantsama maka a riga. Ka ɗora kan a haƙori ɗaya, ka ɗan karkata shi wajen da haƙori ya haɗu da dasashi, ka barshi daƙiƙa kaɗan yayi aikinshi sannan ka matsa na gaba, waje, ciki, da saman da ake tauna. Kar ka dirza, kar ka danna. Dannawa na rage mishi gudu kuma tana cin dasashi, in ka ji ƙarar injin ta sauka to hannunka yayi nauyi ke nan. Ka raba bakin gida 4, kowane daƙiƙa 30, minti 2 ke nan, safe da dare kafin kwanciya, na daren nan ma ya fi dan miyau yana raguwa cikin barci. Inda aka fi mantawa shine bayan haƙoran gaba na ƙasa ta wajen harshe da matauna na can ƙarshe, nan ka daɗe. In ka gama ka tofar kawai, kar ka kuskure da ruwa nan take.

Zancen pil kuwa, daɗinshi ko kuran ya ɗauke lokacin zafi ba ruwanka da caji, amma pil in ya fara mutuwa injin zai ta juyawa a sanyaye kai kana zaton yana aiki. Da ka ji sautin ya canza ka sa sabo, mafi yawa irin na agogon bango suke ci. Kafin ka saya ka tambaya ko ana samun kan canji, dan duk wata 3 ake sauyawa ko da zarar gashin ya baje, kuma kowa da nashi kan ko mata da miji ne.

Tsakanin haƙora sai zaren goge haƙori, inji baya shiga can sosai. Asuwakinka na rana kuma ka ci gaba da abinka. In dasashi na jini kwanakin farko kar ka bar wajen, ka bi a hankali, amma in ya wuce sati 2 bai tsaya ba ka je likitan haƙori ya duba maka.